Saƙon da Na Ɗauko daga Bakin Teku

A shekarata ta biyu a Amurka ɗaki ɗaya muke da wata 'yar Sakkwato mai karatun haɗa magunguna, a wani dogon gini a Silver Spring. A hawan da ke ƙasanmu akwai wata 'yar Kumasi da ta girme mu, tana aikin kula da tsofaffi. Yaya muke ce mata. Ita kaɗai ke da mota a cikinmu, ita ce kuma mai yi mana faɗa idan mun kwana biyu ba mu dafa abincin kirki ba.

Ƙawar tawa ba ta taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi. Da muka gama jarrabawa ta tasa mu gaba, kullum maganar ke nan, har Yaya ta gaji ta nemi hutun ƙarshen mako. Ranar Juma'a bayan azahar muka kama hanyar Ocean City da kular dafa-duka da soyayyun kaji. Bayan mun haye wata doguwar gada sai gonakin masara suka fara, shimfiɗe har iyakar gani. Ƙawata ta manna goshinta a gilashi tana cewa da Inna za ta ga wannan, da ta tambayi ina manoman suka shige, gona haka ba kowa a ciki.

Inna mahaifiyarta ce. Ban taɓa ganinta ba, amma na san muryarta, don duk Lahadi idan sun gama hira sai ta ce a ba ta 'yar Kanon nan su gaisa.

Washegari da hantsi muka sauka bakin ruwa. Ƙawata ta tuɓe takalmi, ta tattare gefen doguwar rigarta, ta nufi teku kamar mai zuwa gaida surukai. Igiyar ruwan farko da ta taɓa ƙafarta ta kwasa da gudu tana salati, ruwan sanyi ƙarara. Sai ta koma. Ni ina zaune a kan yashi ina gadin jakunkuna, wayata ta yi ƙara. Lambar gida ce.

Yayan ƙawata ne, daga Sakkwato. Muka gaisa, ya tambayi karatu, sannan ya ce, “Tana kusa da ke?”

Na ce tana cikin ruwa, bari in kira ta.

“A'a, ke nake nema. Allah Ya yi wa Inna rasuwa yau da asuba. Yanzu muka dawo daga kai ta.”

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ban ma ji fitar muryata ba. Ya ce ba wata doguwar jinya, ta idar da salla ta ce ƙirjinta, shi ke nan. Ya roƙe ni don Allah kada in faɗa mata a can. In kai ta gidan Anti a Clinton, ya riga ya sanar da ita. Anti likita ce, 'yar uwar babansu, a gidanta muke yin salla ƙarama da babba.

Da na sauke wayar, ƙawata na ɗago mini hannu daga cikin ruwa, wai in zo.

Yaya ta dawo daga sayen shayi. Kallo ɗaya ta yi mini ta ajiye kofunan. Na faɗa mata. Ta zauna daɓas a kan yashi, ta daɗe tana motsa baki. Na ce mu tashi yanzu. Ta riƙe mini hannu.

“Bar ta ta gama wasanta tukuna. Hanya tana nan.”

Haka muka zauna muna kallonta. Ta tsinci ɓawon dodon-koɗi cike da hannu, ta bi wasu fararen tsuntsaye da gudu, ta tsaya hira da wata tsohuwar Baturiya mai yawo da kare. Da ta dawo leɓɓanta sun yi fari don sanyi, mayafinta ya jiƙe, sai dariya take yi.

“Ba ni wayarki in kira Inna ta ji ƙarar ruwan nan. Tawa tana masauki.”

A wancan lokacin, da kati muke kiran gida. Na ce katina ya ƙare. Ta ce to ta saya anjima. Nan Yaya ta ce an kira ta daga wurin aiki, tsohuwar da take kula da ita ta faɗi, dole mu koma yau. Ƙawata ta ɓata rai sosai. Ta ce ko ƙaguwar da ake ta ba ta labari ba ta ɗanɗana ba. Amma ba mai riƙo ba ce, kafin mu gama haɗa kaya har ta fara yi wa tsohuwar addu'ar samun sauƙi.

Ban taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba. Na zauna a gaba don kada ta ga fuskata. Tana baya tana lissafin abin da za ta yi idan ta je gida hutun baɗi: za ta kai Inna asibitin ido, za ta sa a gyara mata ɗakin girki. Ta tambaye ni ko mura ce ta kama ni. Na ce iskar teku ce. Yaya ta kunna karatun Alƙur'ani, har barci ya ɗauke ƙawata.

Ta farka mun riga mun bar hanyar gida. Ta leƙa waje ta ce, “Yaya, wannan ai hanyar gidan Anti ce.”

Yaya ta ce akwai saƙon da za ta karɓa. Ta madubi na ga ƙawata ta gyara zama, ta ja mayafinta ta rufe kai sosai.

Motoci sun cika ƙofar gidan. A bakin ƙofa takalma ne birjik, na maza da na mata, ga shi ba salla ba, ba suna ba. Ta tsaya tana kallonsu. Sannan ta juyo gare ni.

“Baba ko Inna?”

Anti ce ta buɗe ƙofa, ta kama ta da hannu biyu ta ce, “Sai haƙuri, 'yata. Inna ta riga mu gidan gaskiya.” Ba ta yi ihu ba. Muka taru muka shigar da ita.

Kwana uku muka yi ana karɓar gaisuwa. Mutanen da ba su san Inna ba suka yi ta zuwa daga Springfield da Baltimore, wasu da kayan aiki a jikinsu, kowa da kular abinci. Ƙawata ta so tafiya gida, amma takardunta na hannun hukuma ana sabunta su, idan ta fita dawowa sai wani ikon Allah. Babanta da kansa ya ce ta zauna ta ƙarasa abin da ya kai ta.

Ranar addu'ar uku da yamma, mutane sun ragu, muna wanke kwanuka mu biyu, ta ce, “Tun yaushe kika sani?”

Na ce tun tana cikin ruwa.

Ta ci gaba da cuɗa tukunyar da ke hannunta. Can ta ce, “Ashe lokacin da nake ɗago miki hannu an riga an rufe ta.”

Na ce eh.

Ba ta ce na kyauta ba, ba ta kuma ce ban kyauta ba, har yau. Ta miƙo mini tukunyar in ɗauraye. Sauran hutun a gidan Anti ta yi shi, da aka koma makaranta ma daga can ta riƙa zuwa. Ni na kwashe mata kayanta a akwatuna, Yaya ta kai mata. Bayan shekara biyu ta gama, ta koma Sakkwato, ta ce mini daga tasha maƙabarta ta sa aka fara kai ta, yayanta ya nuna mata wurin.