Muryar Babanmu a Alabar

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Ejura, ni da ƙanina. Kuɗin trotro, motar haya, ya ƙaru, amma kujerar tana nan da ƙusarta. Tunda na shiga ajin manya nake karanta allunan hanya da kaina, sai dai kafin in haɗa baƙaƙen mun wuce garin. Mampong kaɗai na kama, don nan muka tsaya shan koko da ƙosai. A Tafo cunkoso ya riƙe mu har hantsi.

Wani tsoho muka je nema a unguwar Alabar, ana ce masa Mai Baki Goma. A zamaninsa ba biki ba suna a zango sai shi ne mai gabatarwa. Ba ya zagi, ba ya rawa, murya kawai yake kwaikwaya: ladani, mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, direban tashar Kejetia. Yakan yi wata guda yana zama bayan mutum har ya ɗauke tarinsa. Babanmu, mai goro, yana cikin waɗanda ya fi kwaikwaya a yi dariya. Ya daɗe da rasuwa, ba mu da kaset, kuma muryarsa ta ɓace mini. Ita na je ji.

Mun same shi a ɗakin ƙurya na wani gidan haya. Hayaniyar kasuwa ba ta kai nan. Na faɗi buƙatata.

"Ba na yin matattu, ɗana," in ji shi. "Mai rai, in na gama, muryarsa ta koma wurinsa. Ta mamaci fa, ina za ta koma?"

Ni ban gajiya da zama. Muka yi azahar tare, na sake roƙo. Matarsa ta kawo tuwo, muka ci, na sake. Can ya sunkuyar da kai, ya yi gyaran murya sau biyu, ya sauke kafaɗar hagu.

"Kai, Babba, wa ya bar buhun nan a rana?"

Muryar babanmu ce sak, kuma haka yake kirana. Ƙanina bai san lokacin da ya miƙe tsaye ba. Ba wanda ya yi dariya.

Na ce, "Baba, na gode, ya isa haka."

Ya ce to, amma da muryar babanmu. Ya kurɓi ruwa, ya nemi tsari da Allah, shi ma da muryar babanmu. Sai ya kama maƙogwaronsa yana kallona. Matar ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Bayin Allah, wa kuka bar mini a ɗaki?"

Da magariba muka iso gida. Shekaranjiya na buga waya. Matar ta ce yana ci yana sha, amma da hannu yake magana, ya ƙi buɗe baki.

Da ina ɗaukar haƙurina abin yabo. Wannan tafiyar ta nuna mini cewa mutumin nan ya san aikinsa da ya ce a'a, ni kuma na zauna har na kayar da shi.