Kuftar Madugu Iro

Ku da kuke riƙe da allura yanzu, akwai wani yini da har gobe bai fita raina ba, yinin da aka sa ni na saka tufar maigidana na zauna a rana.

Lokacin ni ne babban maɗinki a gidan Madugu Iro, wani attajiri a Birnin Kudu. Babban maɗinki shi ke yanka, shi ke raba wa masu haɗi da masu aikin wuya nasu, kuma shi kaɗai ke taɓa kayan jikin maigida. Ƙa'idar gidan ita ce ba a farke tufarsa sai da idon wani, saboda tsoron a cusa masa sammu a cikin shafi, wato ƙyallen da ake yi wa tufa ta ciki. Mai tsaron nawa shi ne Baba Audu, tsohon baransa, mutumin da ko gaisuwa ka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. Ni ma ban yarda da shi ba, don na san yana da ɗan'uwa maɗinki a Gwaram da yake nema wa wurina.

A cikin Sha'aban, tsakiyar bazara, Madugu ya dawo daga Kano da wata kufta ta jan mulufi da ya saya wurin Larabawa. Ya ce ita zai sa da yamma ranar walimar saukar karatun ɗansa. Da ya gwada, kafin ya kai bakin zaure zufa ta jiƙa shi sharkaf. Tufar ƙasar sanyi ce, ga shafi mai kauri, ga matsi, mutum ba zai iya tanƙwashe ƙafa a kan tabarma ba, balle ya yi sujada.

“Malam Sule,” ya ce, “ka mai da ita ta mutanen garin nan, amma kada kyanta ya ragu.”

Na cire shafin gaba ɗaya, na sa farin saƙi marar nauyi na masaƙan ƙauyen Surko. Na tsaga gefe biyu har gwiwa, na buɗe hammata na bi bakin da zare don iska ta samu hanya. Ina farke wuya ne Baba Audu ya tashi kama ruwa. Sai ga wani ɗan ƙulli ya faɗo daga cikin wuyan a cinyata. Na zauna da shi a tafin hannu har ya dawo.

“Wannan fa?” ya ce. “Ina zaune ba a gan shi ba, sai da na ba da baya?”

Na ce, “Ni ma abin da nake tambaya ke nan, Baba. Daren jiya a ɗakinka ta kwana.”

Aka kai maganar gaban Madugu. Malamin gidan ya kwance ƙullin, kanumfari ne da wani busasshen ganye da babu wanda ya sani. Ya ce mai yiwuwa maganin asu ne da Larabawa ke sa wa kaya, amma Allah ne masani. Madugu ya dube ni ya ce, “Ƙarasa ɗinkinka. Ranar walima kai za ka fara sa ta, daga azahar zuwa la'asar, a tsakar gida.”

Na gane nufinsa. In na faɗi, an kama mai sammu, kuma korata daga gidan ita ce mafi sauƙin abin da zai biyo baya. Alhali mulufi a ranar bazara ba ya bukatar wani sihiri kafin ya kayar da mutum. A daren nan ban yi wani dogon tunani ba, da gari ya waye na ƙara faɗin hammatar nan da yatsa biyu.

Ranar walima da azahar na sa kuftar na zauna a rana, mutanen gida sun jeru a inuwa suna jiran su ga idona ya juye. Wallahi na ji tsoro, na kuma ji haushi, don shekara da shekaru ina yi wa mutumin nan sutura. Zufa ta karyo mini, kaina ya fara sarawa. Can sai na ji wata 'yar iska ta shigo ta hammata, ta bi saƙin nan ta sauka a bayana. Ita ta riƙe ni har aka kira la'asar, na miƙe da ƙafata na yi salla a cikin kuftar.

Da yamma Madugu ya sa ta ya karɓi baƙi, kowa na yaba ta. Bai ce mini sannu ba. Washegari kuma masu tsarona suka zama biyu. Har ya rasu ban san ko ya yarda da ni ba, ni ma har yau ban wanke Baba Audu ba.

Don haka nake hana ku farke kayan manya ku kaɗai, ko da ɗan tsinke ne ya maƙale. In mai tsaro ya tashi, ku ajiye allura ku tashi tare da shi. Kuma duk tufar da aka ba ku, ku ɗinka ta kamar ku za a fara zaunarwa a rana da ita.