Turmin da Kaka Ta Kife

A Maiduguri aka haife ni, inda ƙasa take shimfiɗe har iyakar gani. Har na kai aji huɗu ban taɓa ganin tsauni ba sai a littafi, mai tsini kamar jinkar ɗaki.

Kakata ta wajen uwa mutuniyar kudancin Borno ce. Rashin zaman lafiya ne ya kawo ta gidanmu a unguwar Gamboru, kuma kullum hirarta ɗaya: tsaunin bayan ƙauyensu. Wata rana na zana mata shi don in faranta mata rai. Ta duba takardar, ta yi dariya.

"Wannan ai ƙaya ce, 'yar boko. A ina za mu shanya kuɓewa?"

Ta tashi ta kife turminmu a tsakar gida, ta shafa gindinsa da tafin hannu. Ta ce haka kan tsauninsu yake, sumul kamar faifai. Bayan girbi mata kan hau da dawa da yankakkiyar kuɓewa su baza a sama, inda awaki ba sa kaiwa. Sai ta faɗi sunan irin wannan tsauni da yarensu, kalma ɗaya gajeriya. Ta ce ba a kiran mai tsini da ita, sai wanda za a iya zama a kansa a yi hira.

"Maimaita in ji," in ji ta.

"Haba Kaka, malaminmu ya ce tsauni ne kawai."

"To, malama."

Ta mayar da turmin yadda yake. Ba ta sake faɗin kalmar a gabana ba, ni kuma ban tambaya ba.

Shekara biyu bayan rasuwarta, muka bi hanyar Biu zuwa wani biki. Ta tagar mota na hango irin tsaunin Kaka, kansa a shafe kamar an yanke da wuƙa. Na buɗe baki in kira shi, babu komai a harshena. Na tambayi mahaifiyata. Ta ce ita ma a birni ta tashi, wajen riƙo, abin ya ɓace mata.

Na tambayi tsofaffi a wajen bikin. Sun ba ni kalmomi biyu, na rubuta. Wataƙila ɗaya ce daga ciki. Na yi ta maimaita su har muka dawo gida, amma kunnena bai shaida ko ɗaya ba.