Gefen Daman Baba Sannu

Shekara ashirin da bakwai Baba Sannu ya yi yana jan motar ma'aikatan wani kamfanin sabulu, bai taɓa buge ko akuya ba. Ma'aikatan ne suka laƙaba masa sunan, saboda ba ya gudu. In ka makara, kada ma ka sa ran zai taka maka mota. Sai dai ya dube ka ta madubi ya ce, "Gobe ka tashi da wuri." Suna masa tsiya wai har mai keke yakan wuce su yana ɗaga musu hannu. Amma su ɗin nan masu tsiyar, da sun zauna sai barci, har da masu minshari, abin da ba sa yi a motar kowa.

Ba da wannan sanyin aka haife shi ba. Matarsa ta san shi tun yana saurayi mai zafin kai a tasha, takan ce haƙurin nan koyonsa ya yi yadda ya koyi tuƙi, yau a kuskure gobe a gyara, har ya zame masa jiki. Kullum da safe kafin ya tayar da mota sai ya zagaya ta, ya daddaki tayoyi da ƙafa, ya duba mai da ruwa, ya gwada birki, ya goge madubai. Abu ɗaya in bai yi masa ba, motar ba ta fita, ko da manaja zai yi ta tsalle. Ba don a gani yake yi ba, don yawanci babu kowa a garejin a lokacin.

Wata Litinin da yamma, a kwanar kasuwa, sai ga wata mata mai tura baro a gabansa ta hannun dama, kamar daga ƙasa ta tsiro. Ya taka birki. Matar ta wuce abinta ba ko waiwaye, fasinjojin ma ba wanda ya farka. Shi kaɗai ya san ta daɗe tana tafe a bakin titin nan, shi ne bai gan ta ba.

Washegari bayan ya sauke mutane ya tafi asibitin ido. Likita ta ce hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye masa ganin gefen dama. Magani zai tsare abin da ya rage, amma wanda ya tafi ya tafi ke nan. Abin da ya fi damunsa shi ne, watan da ya wuce aka yi musu gwajin ido a kamfani, ya karanta haruffan allo har layin ƙarshe, don na gabansa ras yake gani. Takardarsa lafiya lau take. Saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma babu mahalukin da zai iya kama shi.

Gaskiya dai a faɗe ta: kwana biyu ya ƙara yana tuƙi. Yana tafe yana murɗa wuya dama har ya sage, yana ce wa kansa ai rabin idonsa ya fi idanu biyun yaran nan masu gudu kamar ana korarsu. Wataƙila ma haka ne. Amma abinci ya daina shiga. Tsoro yake ji, don bai san wane ne shi ba in ba a bayan sitiyari ba.

Ran Alhamis da yamma matarsa ta miƙo masa ruwa ta damansa. Ta daɗe tsaye da kofi a hannu bai karɓa ba.

"Baban yara," ta ce, "fushi kake da ni, ko ba ka gan ni ba ne?"

Ya so ya ce tunani yake. Bakinsa ya ƙi. Sai ya gaya mata komai, har da matar baron. Ta sa masa kofin a hannu.

Da safe ya zagaya motar kamar kullum. Taya lafiya, birki lafiya, komai lafiya. Ya hau ya zauna, ya dubi gaba, madubin dama da ya gama gogewa ya ɓace masa ɗungum. Ya jima a zaune. Sannan ya sauko ya nufi ofis, ya ajiye makulli a kan tebur.

Manaja ya saurare shi, ya sosa ƙeya. "Haba Baba, takardarka fa ba matsala. Ka lallaɓa shekara biyun nan mana. Wa ya sani?"

"Ni na sani, ranka ya daɗe," in ji shi. "Kuma mutum arba'in ne ke barci a bayana."

Ranar ma'aikata sun makara, suka yi ta mita a bakin hanya, ba su san dalili ba. Shi kuwa a ƙafa ya koma gida da rana tsaka, yana tafe yana share ido, bai ji kunyar kowa ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ba kuma ranar ya daina ba.

Da la'asar ya ce zai je kemis sayen maganin ɗigawa. Matarsa ta yafa mayafi ta ce ita ma tana da sayayya, alhali ba ta da ko ɗaya. Da suka fito titi, sai ta zagayo ta bayansa ta koma damansa, wajen da motoci ke wucewa. Ba ya ganinta, amma yana jin takunta har suka isa.