Kabewar da Baba Ya Sare

Shekarar da soja suka miƙa mulki, Babanmu ya samu muƙami a jam'iyya, gidanmu na Ƙofar Marusa ya koma masaukin baƙi daga Kaduna. Abu na farko da ya yi shi ne ya sa aka sare kabewar da ta hau rufin madafa, wai abin ƙauye ne. Miyar taushe da manja suka ɓace, sai farar shinkafa da burodi da shayi. Mu yara har murna muka yi, don Allah ku ji wauta!

A daminar nan ƙanwata Hadiza, 'yar shekara biyar, ta yi ƙyanda. Ta tashi, amma da an kira magariba sai ta fara lalube, tana karo da turmi. Da safe kuma idon ya bushe, tana ta murza shi. Baba ya rantse 'yan adawa ne suka yi masa jifa ya faɗa kan yarinya. Ya hana a kai ta asibiti, sai hayaƙi safe da yamma. Innarmu ta yi magana sau ɗaya, ya daka mata tsawar da ba ta sake ba.

Mutum ɗaya ce za ta iya tanƙwara shi, Iya, mahaifiyarsa. To amma shi ne ɗanta na fari, kunyarsa take ji. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido, in ya shigo ma juya baya take yi.

Kullum bayan tuwo mukan zagaye ta a bakin murhu ta yi mana tatsuniya. Ran nan Hadiza ta taho, ta kusa taka garwashi, ni na fizgo ta. Iya ta daɗe tana kallonta. Sai ta ja tabarmarta har gindin tagar ɗakin Baba, inda yake sauraron rediyo.

"Ga tawa nan, mai kunne shi matso," in ji ta, da ƙarfin da ba mu saba ji ba.

Wai a da, in rana za ta kwanta, takan ba kabewa ajiyar ragowar haskenta, shi ya sa cikinta ja. Wanda ya ci yana da ɗan abin gani har gari ya waye. Sai aka naɗa wani mutum sarauta, ya ce ya fi ƙarfin kabewa, ya tuge ta, ya ce fari kawai za a ci a gidansa.

"Kai, Iya, kamar gidan..." na fara.

"Rufe mani baki, ja'ira! Wa ya tambaye ki?"

Muka ji an kashe rediyo. Inna ta ajiye kwanon da take wankewa.

Iya ta ci gaba. Ɗiyar mutumin ta daina gani da yamma. Ya bi maƙwabta da zargi, ya cika gida da hayaƙi. Sai wata tsohuwar kaza ta ce masa, "Mu ma kakarmu ce ta raina kabewa, ga mu nan, rana na faɗuwa mun makance. Ba wanda ya jefi ɗiyarka. Kai ka kwashe mata fitila."

Nan Iya ta katse tatsuniyar.

"Sai mi, Iya?" Hadiza ta tambaya, tana kallon inda ba Iya ba. "Ta warke?"

"Ban sani ba, 'yar nan. Ƙarshen ba a bakina yake ba."

Labule ya motsa, Baba ya fito. Wallahi na ɗauka gidan zai kama da wuta. Iya ta juya masa baya. Ya tsuguna gaban Hadiza, ya ɗaga hannu.

"Yatsu nawa?"

"Baba, ina kake?"

Ya miƙe, ya koma ɗaki. Washegari da kansa ya goya ta a babur zuwa asibiti. Aka ɗiga mata magani a baki, aka ce a dinga ba ta kabewa da karas da manja da hanta. Dundumin ya tafi cikin kwanaki. Amma idon hagu ya riga ya yi gyambo, ya bar farin tabo.

Sai da na girma na shiga aikin jinya na ji sunan abin: alfa-karotin, sinadarin da ke cikin karas da kabewa da manja, wanda jiki ke juyawa ya zama bitamin A, musamman in an ci da ɗan mai. Ƙyanda kuma ƙarar da bitamin ɗin take yi. Iya ba ta san ko harafi ɗaya a ciki ba, ta dai san abin da ta raini 'ya'ya bakwai da shi.

Na daɗe ina yaba dabararta, har yanzu ma ina yabawa. Amma akwai abin da ke cin raina. Kafin ta rasu na tambaye ta tun yaushe ta gane ciwon. Ta ce tun makon farko. Wata biyu tana neman hanyar da za ta faɗa wa ɗanta ba tare da ta dube shi ba.

"Da na daure na kira shi da sunanshi," ta ce, "da Hadiza na da ido biyu."