A Tsaye Suke Tuƙi, Baba

Wata rana wani bawan Allah mai suna Zayyanu, ɗan Yauri, ya sauka a birnin Venice na ƙasar Italiya. Kwas aka tura shi ƙasar, ya saci yini guda ya zo ganin garin da aka gina cikin ruwa.

Ba don kansa ya zo ba. Mahaifinsa, Baba Lawwali, ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa kwale-kwale a kogin Kwara. Da tsohon ya ji akwai garin da babu mota sai jirgin ruwa, dariya ya yi har da tari.

Ya ce, "Idan ka je ka kira ni a wayar nan mai hoto. Ina so in ga yadda suke riƙe filafili."

Zayyanu na fitowa daga tashar jirgin ƙasa ya tsaya baki sake.

Babu mota, babu acaɓa. Gidaje tsaye tsamo-tsamo cikin ruwa, gansakuka ta cinye gindinsu. Mai kwasar shara a jirgi, mai kai burodi a jirgi. Ga warin ruwa irin na bakin kogi a gida.

Amma jama'a, kai, mutane! Kamar ranar kasuwa ta haɗu da ranar idi. Wannan ya taka ka, wancan ya ja akwati ta kan ƙafarka, kowa ya ɗaga waya sama. Ya yi sallama har ya gaji, ba wanda ya amsa.

Yana tsakiyar wata gada a matse, sai ga kiran ƙanwarsa Salamatu. Ta miƙa wa Baba wayar.

"Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi, Alhamdulillahi. Ka isa? Nuna mini mana."

"Nan ba abin da za ka gani sai ƙeyar Turawa. Bari in sami wuri mai kyau in kira ka."

"To, Allah ya yi maka albarka."

Kun dai san mu. Bahaushe ko yana gargara "da sauƙi" zai ce, ballantana ga ɗan da ke ƙasar wasu. Gida ma, duk da jikin Baba ya yi tsanani, sun haɗa baki kada a tayar wa matafiyi hankali. Zayyanu kuwa ya ɗauki maganar yadda aka faɗa masa.

Kuma wallahi ba sakaci ba ne, so ne. Mafi kyawun gani yake nema wa tsohonsa. Ya shiga wannan lungu, cunkoso. Ya haye waccan gada, rana ta haske hoton. Ya ɓata, ya dawo, ƙafa ta yi tsami.

Sai can da yamma ya dace. Wata siririyar hanyar ruwa, shiru, ga wani dattijo mai furfura yana tahowa da dogon baƙin kwale-kwale, a tsaye, da filafili guda.

Zayyanu ya zaro waya cike da murna. Ya kira.

Salamatu ta ɗauka. Bayanta mata ne zazzaune a tabarmi.

"Yi maza ba Baba, ga shi na samu!"

"Yaya, sai haƙuri. Baba ya cika bayan azahar, har an kai shi. Da wayar a hannunsa yake ta tambaya, wai a zaune suke tuƙi ko a tsaye."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Zayyanu ya sulale ya zauna a kan matakalar dutse, ruwa na taɓa takalminsa. Dattijon ya zo wucewa, ya ɗaga masa hannu yana murmushi.

Shi kuwa kuka yake kamar yaro, bai ma sauke wayar ba.

Ya ce, "A tsaye suke, Baba. A tsaye."

Darasi: Idan iyayenka suka roƙe ka abu, ba su yanzu, ko da bai yi kyan da kake so ba. Da ƙeyar Turawan nan ma Baba zai yi murna. Kuma idan tsoho ya ce maka "da sauƙi", sake tambaya.

Ka tura wa wanda nasa ke raye, ya kira su yau. Waɗanda namu suka rigaya, Allah ya ji ƙansu.