Tamfol Mai Tsaga

A shekarun da na yi ina aikin sito a bariki, akwai ƙa'idar da ban taɓa sabawa da ita ba. Duk tanti ko tamfol da ya tsufa, kafin a fitar da shi gwanjo sai an tsaga shi da wuƙa a gaban ofisa, don kada wani ya saya ya dawo da shi sito a madadin sabo. Ni ne mai wuƙar. Nakan yi bisimilla in ja ta, tsagar ta miƙe kamar alif a kan allo. Wasu ma'aikatan kan ratsa tsakiya. Wasu kan bi gefen ɗinki, yadda abin zai ɗinku idan ya faɗa hannun talaka, kuma ƙa'ida ba ta hana ba.

Bayan na yi ritaya na zauna Akurba, wata kaka ƙanena ya zo daga Arikya hankali a tashe. Ya yanke riɗinsa ya jingine a gona, ga hadari yana ta haɗuwa a gabas kowace la'asar. Noman shekararsa ke nan gaba ɗaya. Ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya ruɓar da shi.

Muka hau keke napep zuwa kasuwar Lafiya, wurin wani mai sayar da kayan gwanjon soja. Ina shiga rumfar warin ya tare ni, warin tsohon zane da man bindiga da rana. Sai na ji kamar ƙofar sito ce ta buɗe, har ina jin takun takalman soja a kan siminti.

Ƙanena ya rungumi wani mai sheƙi a ninke.

"Yaya, wannan ai sabo ne!"

"Warware shi tukuna."

Tsagar ta ratsa cibiyarsa daga kusurwa zuwa kusurwa. Mai rumfar ya yi dariya. "Baba soja, kai ka zo saye ne ko faretin duba kaya?"

"Duka biyun, ɗana. Sauko da na ƙasan can."

Muka yi ta warwarewa har muka kai ga wani koɗaɗɗe, mai faci. Wuƙar ta bi gefen ɗinkinsa a hankali. Ban san hannun wane ne ba, ban san barikin ba, amma na yi masa addu'a a tsaye a wurin.

Muka saye shi, wani baduku ya ɗinke shi da basilla da kirtani, ya goga kakin zuma. Muna isa gona, iska ta fara kaɗa ciyawa. Muka ja shi a kan riɗin, muka danne gefuna da duwatsu, muka kutsa ƙarƙashi muka tsuguna.

Ruwan ya sauko. A ciki duhu ne kore-kore, sai ƙarar ɗigo a kanmu kamar ana sheƙa gero. Ƙanena ya ɗaga hannu yana bin ɗinkin da yatsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya duba yatsan, ya nuna mini. A bushe yake.